Takin feshi na zinc mai ƙwayoyin nano: yana gyara masara, amma bai dace da bakin ruwa ba

Wannan taki ruwa ne fari mai kauri a cikin gora, ana samunsa a wasu shagunan kayan noma a garin Kaduna, kuma abin da ke cikinsa sinadarin zinc oxide ne da aka mayar da shi ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba, wato ƙanƙantar da ido ba ya iya gani. Na fesa shi a masarar rani a wata fadama da ke gefen Kogin Kaduna, wadda ganyenta ya fara fitar da layuka fari-fari a gefen jijiyar tsakiya, alamar ƙarancin zinc. Ganyen da suka biyo bayan feshin sun fito kore shar. Sai dai yana kwantawa a gindin gora, kuma idan ba a girgiza shi sosai ba yana toshe bakin famfon feshi.

Inda na ga gazawarsa shi ne takardar da ke jikin gorar, domin ta yi bayanin awo da lokacin feshi, amma ba ta ce uffan game da illarsa ga ruwan kogi da kududdufi ba. A wani bincike da masana a ƙasar Estoniya suka wallafa a 2009, an gano cewa kimanin miligiram 0.04 na zinc daga irin waɗannan ƙwayoyin nano a lita ɗaya ta ruwa ya rage haɓakar wata irin gansakukar ruwan daɗi da rabi cikin awa 72, alhali sai da aka kai kusan miligiram 0.7 na tagulla daga copper oxide, da kusan miligiram 6 na titanium daga titanium dioxide, kafin a ga irin wannan ɓarna. A wannan lissafi, giram ɗaya na zinc ya isa ya yi wannan ɓarna a ruwa lita 25,000. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin suna narkewa su saki zinc ɗin, shi kuma ya shiga jikin gansakukar ya hana ta sarrafa hasken rana. Adalci ne a faɗa cewa a binciken nan garin zinc oxide na yau da kullum ma ya yi kusan irin wannan illa, kuma a ruwan kogi laka da ruɓaɓɓen ganye suna kama wani kaso, don haka ɓarnar ba lallai ta kai ta ɗakin gwaji ba.

Duk da haka, wanda ya san noman fadama ya san cewa a ramin da aka ɗebi ruwan haɗi, a nan ake wanke famfo idan an gama. Koren nan na gansakuka da ake gani a kududdufi shi ne abincin ’ya’yan karfasa, shi ne kuma ke samar da iskar da kifi ke shaƙa, idan ya mutu ya ruɓe sai ya cinye wadda ta rage. Da na tayar wa mai shagon da wannan magana, cikin ladabi ya ce, “Alhaji, ai taki ne, ba maganin ƙwari ba.”

Zan sake sayensa domin gonar tudu, inda za a zubar da ruwan wankin famfo a ƙasa nesa da magudana. Mai kiwon kifi kusa da gonarsa kuwa, gara ya nemi zinc ɗin da ake zubawa a gindin shuka, shi ma ya kiyaye kada ruwan ban gona ya kwashe shi zuwa tafkin.