Canja tsakuwar tankin kifi: ranar tashi, ko sai an zauna?

Ɗan'uwa, ka ce za ka tashi daga Fadaman Mada zuwa Yelwa a garin Bauchi, kana da tankin gilashi mai cin lita 100 da 'yan kifayen ado a ciki, tsakuwar ƙasansa ta yi baƙi ta ishe ka, kana son komawa yashi. Kana tambaya ko ka canja ranar tashi a yi ta ta ƙare, ko ka kwashi tsohuwar tsakuwar ka kai sabon gida, sai hankali ya kwanta ka canja.

Kafin komai, leƙa ka ga irin filtar da ke tankinka, wato abin da ke tace ruwan, don ita za ta raba gardama. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda muke ragewa da canjin ruwa. Waɗannan bakteriya ba yawo suke a ruwa ba, manne suke a soson filta da tsakuwa da duwatsun ado. A sabon tanki sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Duk maganar ke nan: nawa za ka zubar daga cikinsu a rana ɗaya, nawa za su rage maka?

Canji ranar tashi yana da hujja mai ƙarfi. Ko ka so ko ka ƙi, sai ka kwashe tankin tas. Lita 100 kilo 100 ne, ban da gilashi, kuma ko jiƙaƙƙiyar tsakuwa kaɗai aka bari a ciki, idan a-kori-kura ta faɗa rami nauyin kan gilashin ƙasa da silikon ɗin da ya haɗa shi zai sauka. Tsagewar ma ba lallai ta nuna a ranar ba, sai ka wayi gari ka tarar da ledar ɗaki a jiƙe. Tun da tsakuwar za ta fita, kifayen kuma suna cikin bokiti, an yi rabin aikin. Kamu ɗaya za ka yi musu, kuma baƙar dauɗar da ke tashi idan an tono tsohuwar tsakuwa ba za ta taɓa su ba. Illarsa ita ce ka haɗa musu uku a wuni ɗaya: jijjigar hanya, sabon ruwa, da asarar bakteriyan tsakuwa.

Jira kuma ya fi sauƙi ga kifi, ya fi wahala gare ka. Za ka zuba tsakuwar a bokiti, ruwan tanki ya sha kanta, ka ɗauraye ta sama-sama da wannan ruwan, ka mayar. Bayan mako 3 ko 4 sai ka canja, rabi yau, rabi bayan mako biyu. Amma fa aikin ya zama biyu, za ka tono dauɗa kifaye na ciki, kuma yashi da tsakuwa ba sa zama gefe da gefe, yashin yakan sulale ƙasa ya bar tsakuwa a sama. Da yawa masu cewa "sai an zauna" har shekara ta zagayo ba sa canjawa.

In filtarka mai soso ce, ko irin wadda ake rataya a bakin tanki, kuma ta yi watanni tana aiki, ni dai canji ranar tashi zan zaɓa, don mafi yawan bakteriyanka suna cikin soson. In kuwa irin farantin roba ne da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tsakuwa iska na jan ruwa ta cikinta, to tsakuwar ita ce filtar, zubar da ita daidai yake da zubar da filta. Yashi ma toshe farantin zai yi. Haka in dutsen kumfa mai busa iska a ruwa kaɗai gare ka, ko kifin ya yi yawa, musamman golfish masu yawan kashi. A nan ka jira, ka sayi filtar soso ta yi wata guda tana aiki tukuna.

In ka zaɓi ranar tashi, ka cika tsohuwar safa ko ragar albasa da tsohuwar tsakuwa, ka ɗaure, ka ajiye a kusurwar tanki kusa da inda ruwa ke motsi, na mako 3 zuwa 4. Ba kyan gani, amma tana cike giɓi. Soson filta kuma ya yi tafiyar cikin ruwan tanki, kada ya bushe, kada ka rufe shi ruf na awanni, kuma kada wani mai son tsabta a gida ya wanke maka shi a famfo. Ruwan famfo da ake tacewa daga dam ɗin Gubi ana sa masa kulorin, aikinsa kuwa kashe bakteriya, bai san na kirki da na banza ba.

Ruwan sabon gida ma abin dubawa ne. In da ruwan famfo kake amfani yanzu, can kuma bohol ne ko rijiya, ba ɗaya ba ne a jikin kifi. Ka ɗebi kamar rabin tsohon ruwan, jarka biyu masu lita 25, ka ɗeba daga sama kafin ka taɓa tsakuwa. Jarkar da ba ta taɓa ganin fetur ko omo ba.

Yashin kuwa kada ka bar wankinsa sai ranar, lokacin da ake kiranka ka zo ka nuna inda za a sa gado. Kwana biyu kafin nan ka zuba kaɗan-kaɗan a bokiti, ka cuɗa, ka tsiyaye, har ruwan ya fito garau. Na rafi mai ɗan kaushi ya fi, ban da wanda aka ɗebo wurin gini kusa da siminti. Ka ɗiga masa vinega: in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, irin dutsen da ake siminti da shi a Ashaka, zai narke ya mayar da ruwan irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Kauri santimita 2 zuwa 3 ya isa. In ya zarce, iska ba ta shiga ƙasansa, sai ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka ɗaga bakin filta daga ƙasa kada ta zuƙi yashi ta lalace, ka kuma kifa faranti ka zuba ruwa a kansa don kada tanki ya gurɓace.

Sauran duk hanyar da ka bi ɗaya ne. Ka daina ba kifayen abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Tanki ya zama na ƙarshen fita, na farkon kafawa. In bazara ce, a yi da sassafe, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma ƙaramin famfon iska mai batir zai yi maka rana, a hanya da kuma in ka tarar babu wuta. Makon farko abinci kaɗan, babu sabon kifi har wata guda. In ka ga sun taru a saman ruwa suna haki, canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan nan take da wanda aka cire wa kulorin, gobe ka sake dubawa.