Sharhi na kan littafin yara mai labarin tashi daga gida, da ranar da marubuciyar ta sa mana hannu

Wata biyu kenan da siyan littafin nan, da gangan na ƙi cewa komai a kai sai da muka tare muka ɗan zauna, don in faɗi abun da na gani da ido na.

Yarinya ta shekarar ta 5, kuma gidan da muka bari shi kaɗai ta sani tun da aka haife ta. Daga ranar da muka ce mata za mu tashi ta canza gaba ɗaya, ba ta kuka a gaban mu amma ta koma fitsarin kwance da ta daina tun tana shekara 3, kuma duk kwalin da na ɗaure sai ta bi bayana ta ɓare selotef ɗin ta leƙa ko kayan ta na ciki. Na yi lallashi, na yi bayani, ba abun da ya shiga kunnen ta. Shi ya sa na shiga neman littafi mai hotuna da zai yi mata maganar da bakina ya kasa.

Na buɗe wajen guda huɗu a shagon littattafai kafin in kai ga wannan, kuma duk tafiyar su ɗaya: yaro ya ɓata rai, motar kaya ta zo, shafin ƙarshe ga shi yana dariya da sabon aboki a ƙaton tsakar gida. Ni dai ban yarda da wannan ba, yaro ba ya mantawa da gidan su a kwana ɗaya, kuma in ka nuna masa haka zai ga kamar shi ne ke da matsala tunda har yanzu ran sa ba daɗi.

Wannan ɗin shafi 32 ne kamar yawancin irin su, rubutun kaɗan ne sosai, minti biyar kin gama karantawa in ba a tsayar da ke ba. Labarin wani yaro ne da ya haddace cewa daga gadon sa zuwa ƙofar ɗakin maman sa taku 7 ne, ko cikin duhu yana zuwa ba sai ya kunna wuta ba. Daren farko a sabon gida ya taka bakwai ɗin sa ya miƙa hannu, ba ƙofa, sai fili kawai. Wallahi a nan ni kaina sai da na tsaya na haɗiye wani abu. Akwai kuma shafi biyu a tsakiya da babu kalma ko ɗaya, ɗakin sa ne bayan an kwashe komai, sai sawun ƙafafun gado guda huɗu a ƙasa da wani wuri mai haske a bango inda hoto ya daɗe a rataye. Duk ranar da muka karanta a nan take dafe shafin ta hana ni juyawa, ta yi ta kallo, wani lokacin ta ce "Mama namu ma haka zai zama?" in ce eh, ta ce to juya. Abun da ya fi burge ni, ba a ce yaron ya so sabon gidan ba har littafin ya ƙare, kawai an nuna ya sake ƙirgawa ya samu 11.

To ranar da na siya ne aka ce min marubuciyar za ta zo shagon ƙarshen sati ta sa wa mutane hannu, sai na ce bari mu je.

Sashen karatun ya yi kyau gaskiya. Ba ta hau kujera ba, ƙasa ta zauna tsakiyar yara ta juyo musu da littafin tana karantawa ta gefe, in ta zo ƙirgen sai ta yi shiru su su ƙirga mata da ƙarfi. A wurin ne ma na fara jin cewa ba ita ta yi zanen ba kuma ba ita ta zaɓi mai zanen ba, kamfanin da ya buga littafin ne ya haɗa su, ashe haka aka saba yi a harkar. Har ta ce shafin ɗaki ba kowa ɗin nan babu shi a rubutun ta, dabarar mai zanen ce. Na ji daɗi da ta faɗa da bakin ta, amma na ji haushi da ba a gayyato shi ba, don rabin abun da yaran ke so aikin hannun sa ne kuma sunan sa na nan a bangon littafin.

Layin kam bai yi ba ko kaɗan. Mun fi awa ɗaya a tsaye, ba wurin zama, yara sun gaji wasu na kuka wasu sun kwanta a ƙasa, ga manya a gaba kowa da kwafi biyar shida yana so a rubuta wa kowanne suna daban sannan a ɗauki hoto. Taron yara ne fa, me zai hana a fara da masu ƙananan yara ko a raba lamba mutum ya je ya dawo? Abu ɗaya da suka yi daidai shi ne 'yar takarda mai gam da suka bi layi suna ba mu, ka rubuta sunan yaron ka liƙa a shafin farko, don kar a ɓata suna a littafin da ba za a iya gogewa ba.

Da muka iso tebur na zata yarinya ta ba za ta yi magana ba don akwai ta da kunya, sai kawai na ji ta ce "Anti, mu namu sabon gidan ƙarami ne." Kuma gaskiya ta faɗa, kuɗin haya ne ya tashe mu, daga ɗaki uku muka koma biyu. Matar ta ajiye biro ta tambaye ta taku nawa ne a can, ta ce ba ta sani ba, ba mu koma ba tukuna. Sai ta sa hannu, a ƙasa ta rubuta "taku" ta ja ɗan layi ta bar wurin ba komai, ta ce mata in kin ƙirga ki cike da kan ki. Duka bai kai minti biyu ba, ga mutane cike a bayan mu, amma ba ta yi mana gaggawa ba.

Maganar yarinyar ta taɓo inda littafin ya gaza. Shi ma gidan da aka koma ya fi tsohon girma, bakwai ta zama sha ɗaya, kuma ba a taɓa faɗin dalilin tashin ba, iyayen kullum fuska a sake kamar su ba abun da ya dame su. Mutane da yawa ba don daɗi suke tashi ba, wani haya ce, wani aiki, wani rabuwar aure, kuma yaro na ganin damuwar a fuskar uwar sa ko an ɓoye. Da an nuna maman ita ma ta ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin ta rufe da ya fi min. Sai kuma shafukan dare da suka yi duhu da yawa, da fitilar gefen gado da ƙyar ake ganin yaron, gashi lokacin bacci ne aka fi karanta shi. Mai laushin bango na siya, yanzu haka tsakiyar ya fara ɓallewa daga gam ɗin saboda yawan dannewar da take yi wa shafin nan, in kuna da hali ku ɗauki mai kaurin bango. A wurina 4 ne cikin 5, kuma ya fi dacewa da 'yan shekara 3 zuwa 7, a fara karantawa tun kafin a soma ɗaure kaya.

Ranar tashi ban sa shi a kwali ba, ita ta riƙe shi a cinya har muka isa. Da dare bayan na shimfiɗa mata katifa na kashe wuta, ina kwance na ji ta a hankali tana ɗaya, biyu, uku, sai ga hannun ta a ƙofa ta. Huɗu ne. Da safe ta nemi fensir ta cike layin, 4 ɗin ma a juye ta rubuta shi, na bar shi a haka.