Na kalli On the Beach, tsohon fim na 1959

Jiya da daddare na zauna na kalli On the Beach a waya, kuma wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Tsohon fim ne baƙi da fari, na 1959, Stanley Kramer ne darakta, Gregory Peck ya fito a kwamandan jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin teku. An riga an gama yaƙin nukiliya, arewacin duniya kaf an mutu, saura Ostareliya, su ma gubar tana tahowa a iska sai ƙirga watanni suke yi a birnin Melbourne.

Ni na ɗauka bama-bamai zan gani da gine-gine na rushewa, ashe ko ɗaya babu. Mutane ne kawai ke zuwa aiki a kan keke da doki saboda fetur ya ƙare, suna gaisawa, suna shan shayi, kowa ya san ba zai kai baɗi ba.

Wurin da ya fi kama ni shi ne wani saƙon rediyo da ake ta ji daga birnin San Diego na Amurka, ƙwas ƙwas babu ma'ana, aka sa rai ko akwai sauran mai numfashi, suka ɗauki jirgi suka keta teku, mutum ɗaya ya sa rigar kariya ya shiga garin shi kaɗai yana bin sautin, ashe kwalbar Coca-Cola ce ta sarƙe da igiyar labulen taga, iska na kaɗawa tana danna na'urar aika saƙon. Sai da na tsayar da fim ɗin na yi shiru.

Gaskiya yana da tsawo, ya haura awa 2, kuma soyayyar Peck da Ava Gardner ta ja da yawa a tsakiya, ga kiɗa guda da suke ta maimaitawa har ya gundure ni. Turancin ma sai da rubutun ƙasa.

Amma layin da jama'a suka yi a natse suna karɓar ƙwayar mutuwa da gwamnati ke rabawa, wannan kam ya yi min nauyi. Ban yarda mutum ya kashe kansa ba ko da me, sai dai da na ga wani matashin soja da matarsa suna shirin shan ƙwayar, ga jaririyarsu, hawaye na yi. Duk mai haƙurin fim mai tafiyar hawainiya ya neme shi, amma kar ya kalla da yara.