Faifan Ugetsu ya wanke min zuciya, na Kwaidan ya ɓata min rai

Faifai biyu na saya wajen mai kawo mana tsofaffin fina-finan nan daga waje.  Kwaidan, wani fim ɗin Jafan na labaran fatalwa, shi ne ya kai ni. Ugetsu kuwa ƙari na yi don kada kuɗin aike ya tafi a kan faifai ɗaya, ban ma sa rai da shi ba, fim ne baƙi da fari na 1953.

To shi ne ya hana ni barci. Daraktansa Kenji Mizoguchi ya ɗauko labarin wani maginin tukwane, Genjuro, a zamanin yaƙe-yaƙen Jafan na ƙarni na 16, wanda kwaɗayin riba ya raba shi da matarsa Miyagi. Wurin da ya kama ni shi ne tsallaka tafkin Biwa. An loda tukwane a kwale-kwale, mace na tuƙi tana rera waƙa a hankali, ana jin bugun ganga can ƙasa-ƙasa, hazo ya haɗe ruwa da sama har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. Sai ga wani kwale-kwale ya ɓullo shi kaɗai, ba mai tuƙi. Ni da mutanen cikin fim ɗin duk mun ɗauka fatalwa ce, ashe mutum ne kwance yana gargarar mutuwa, 'yan fashin ruwa sun sare shi. Sau huɗu na mayar da wurin baya. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, ba a tafkin aka ɗauka ba, kududdufi aka yi a cikin sutudiyo aka sake masa hayaƙi. Kazuo Miyagawa da ya riƙe kyamarar ya san aikinsa. Kuma faifan ya fito da shi tas, launin toka kala-kala, babu dabbare-dabbaren nan da ake gani a kwafin waya.

Ƙarshen ne ya sa ni hawaye. Genjuro ya dawo bayan ya kuɓuta daga hannun Wakasa, gimbiyar da ashe ta daɗe da mutuwa. Ya shiga gida, duhu, ba kowa. Ya fita ta baya ya zagayo, kyamara ba ta yanke ba, yana sake shigowa sai ga Miyagi zaune bakin murhu tana girki. Da safe aka gaya masa an kashe ta tuni. Ko mafarkin iyayenmu da suka rasu haka yake zuwa, ba sallama, kawai ka gan su suna hidimarsu. Da na ji fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice na shekarar, ban yi mamaki ba.

A daren nan da an ce in ba mai kayan maki, da na cika masa.

Washegari na sa Kwaidan na Masaki Kobayashi, na 1964. Labarai huɗu ne a ciki, na biyun nake jira shekara da shekaru: matar dusar ƙanƙara, inda aka zana sararin sama da hannu, da manyan idanu suna leƙen mai saran itace cikin guguwa. Idanun na bayyana, faifai ya tsaya cak. Na goge, na sauya na'ura, na kai gidan maƙwabci, duk wuri ɗaya yake sandarewa, sai ya yi tsalle ya faɗa labari na uku. Da na duba bayansa a haske, ga karce nan doguwa, alhali a matsayin sabo aka sayar min.

Na kira mai kayan, aka ce na'urata ce. Na tura hoton karcen, aka ce za a canza. Yau mako uku ke nan, saƙona ma an daina buɗewa. Sai a lokacin na tuna kwalin ma a fashe ya zo, zumuɗi ya sa na yi shiru.

Wanda zai sayi Ugetsu ya saya, amma a buɗe faifan a gabansa kafin ya biya. Ni dai har yanzu ban ga fuskar matar dusar ƙanƙarar ba.