Hattara da bakaniken da ke cewa "Bari in kira mai shagon ka ji da kunnenka"

Jama'a masu motoci, musamman mata da ma'aikatan da ba su da lokacin wuni a gareji, akwai wata cuta da ta yi yawa a 'yan shekarun nan, kuma da yawanmu ana yi mana ita muna godiya. Ba zan kama sunan kowa ba, domin ba gareji ɗaya ke yi ba, kuma akwai kanikawa masu tsoron Allah da bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Ga yadda ake shirya ta. Ka kai mota tana ƙara a ƙafar gaba. Bakanike ya danna ta sau biyu, ya leƙa ƙasa, ya ce shokozoba biyu sun mutu. Ka tambayi kuɗinsu. Ba zai faɗa ba. Sai ya ce, "Alhaji, ni yanzu tsoron faɗin farashi nake, kullum kaya tashi suke. Bari in kira mai shagon ka ji da kunnenka." Ya buɗe muryar waya kowa na ji: "Oga, shokozoban Corolla na gaba, ɗan Beljiyam, nawa ne yau? Ga mai motar nan a tsaye." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce sigina. Mai shago ya riga ya san ma'anarta. A ce kayan dubu 60 ne, sai ya ce dubu 95. Ka karɓi waya ka yi ciniki, ya yi kamar ransa zai fita, ya rage maka dubu 5. Ka tura dubu 90 kai tsaye zuwa asusun shagon, hankalinka kwance tunda kuɗin bai bi ta hannun bakanike ba. Yaron gareji ya dawo da kaya da rasit mai hatimi. Da yamma mai shago ya cire nasa, ya mayar wa bakanike ragowar. Rasit ɗin da ka adana a aljihun mota, abin da aka ce a rubuta shi aka rubuta.

Abin da ya sa wannan wasa ke ci shi ne rabinsa gaskiya ne. Kaya sun tashi, babu mai musu. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kan naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ga tallafin fetur da aka janye a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dakon komai. Kusan duk kayan gyaran da muke sa wa motocinmu daga waje suke zuwa. Kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, kaya su shiga kasuwar Ladipo a Legas, wasu su bi ta Nnewi da Onica, kafin su iso Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja. Kowane hannu da suka bi sai an ɗora wani abu. Shi ya sa mai mota ya daina riƙe farashi a ka. Wanda ya sayi fulogi bara bai san nawa yake bana ba, kuma a cikin wannan duhu macuci ke aikinsa.

Sai dai a yi adalci. Ɗora riba a kan kayan gyara shi kaɗai ba sata ba ne. A Turai da Amurka ma gareji na sayen kaya a farashin sari ya sayar wa mai mota da ƙari, kuma kowa ya san da haka. Garejin da ya ajiye kaya a shagonsa ya kashe jarinsa, yana biyan haya, in kayan ya ba da matsala shi zai kwance ya canza ba tare da ya sake karɓar kuɗi ba. Nan gida kuma akwai ƙarin dalili, kuma laifinmu ne mu masu motoci: ba ma son biyan kuɗin aiki. Mutum zai biya dubu 100 na ƙarfe bai ce uffan ba, amma bakaniken da ya wuni kwance a ƙasa cikin baƙin mai ya ce a ba shi dubu 15, sai a ce, "Haba Malam, ɗan wannan aikin?" Ga yara huɗu ko biyar masu koyon aiki da zai ba kuɗin abinci, ga na'urar binciken kwamfuta da ya saya da tsada. Da yawansu sun gano cewa abin da aka hana su a kuɗin aiki za su iya ɗebo shi a kuɗin kaya, babu gardama.

Na fahimci dalilin, amma bai wanke su ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce maka "ni zan sayar maka, kuɗinsa kaza" da wanda ya ce "ba ni in sayo maka". Na farko ɗan kasuwa ne, ribarsa halal ce, in ka ga dama ka saya, in ba ka ga dama ba ka ƙara gaba. Na biyu wakilinka ne, amana ka ba shi, kuma abin da ya biya shi ya kamata ya faɗa maka. In yana son la'adar zirga-zirga, ya buɗe baki ya nema. Amma ya haɗa baki da mai shago a rubuta ƙarya, wannan zamba ce cikin aminci ko da wane suna aka kira ta a gareji.

Kuma ƙarin kuɗin ma shi ne mai sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne musanya daraja. Kayan gyara iri-iri ne: akwai sabo na kamfani, akwai ɗan Beljiyam wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje, akwai sabon kwaikwayo mai araha, sannan akwai wanda ya gama mutuwa a nan gida aka farfaɗo da shi. Na ga irin wannan na ƙarshe da idona a bayan wani shago: yaro zaune da bokitin fetur da buroshin ƙarfe yana goge tsohon shokozoba, wani na gefe yana fesa masa baƙin fenti, aka jera su a rana. Kafin la'asar sun zama 'yan Beljiyam, har da ɗan rubutun alli mai launin rawaya irin wanda ake gani a jikin kayan kwantena. Ka biya kuɗin na biyu a sa maka na huɗu. Bayan wata biyu ƙara ta dawo, ka koma, a ce ai hanyoyinmu ne ba su da kyau.

Haka fulogi. Kwalin manyan kamfanoni irin su NGK ko Denso ba shaida ba ne, domin masu jabu sun iya buga kwali. Haka baƙin mai: ana sayen tsofaffin galan na manyan kamfanoni a ɗura musu wani abu daban a liƙe. In a fulogi ne, asararka fetur da jijjiga. In a baƙin mai ne, inji za ka rasa. In kuwa a birki ne, wannan ya wuce maganar kuɗi, musamman ga mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna da iyali a baya.

Wani lokaci ma ba a canza komai. A kwance naka a wanke, a mayar, a nuna maka mataccen na wata mota a ce shi aka cire.

Sai wanda mutane da yawa ba su sani ba har yanzu. A cikin bututun hayaƙin mota akwai wani tace mai ƙananan ramuka da kanikawa ke kira indomi. Aikinsa rage gubar hayaƙi, kuma a jikinsa akwai ƙarafa masu tsadar gaske irin su filatinom, shi ya sa yake da masu saye. Mota ta kwana a garejin da ba amana, a yanka bututun, a kwashe shi, a yi walda a rufe. Wani kuma a gabanka zai ce maka ya toshe, shi ke sa mota shan mai, gara a fasa a zubar. E, yakan toshe da gaske in mota ta tsufa, amma ko ya toshe naka ne, kuma kuɗi ne. In ka karɓi mota ka ji muryarta ta ƙara kauri, hayaƙi na wari, fitilar inji ta kama a gaban sitiyari, ka sa a ɗaga ta ka duba ko akwai sabuwar walda.

To mene ne abin yi? Abu na farko, raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun kafin a taɓa sifana. Ka ce, "Malam, faɗi kuɗin aikinka tsakani da Allah, ba zan rage ba, amma kaya ni zan sayo." Ka kuma cika alkawari, ka biya shi da kyau. Bakaniken kirki zai yi murna. Wanda ya ɓata rai, ya fara cewa ba za ka gane mai kyau ba, ko in ka sayo da kanka babu ruwansa, to ka san inda ribarsa take. Ko da yake a nan akwai gaskiya ɗaya: in kai ka sayo kuma kayan bai yi ba, kai za ka mayar, kuma za ka sake biyan kuɗin kwancewa. Saboda haka ka yi sharaɗi da mai shago a rubuce cewa in bai yi ba za a canza, da adadin kwanakin da ya ba ka.

Kada ka tambayi farashi a shagon da bakanike ya kira. Ɗauki hoton kayan, ka nemi lambar da ke jikinsa, ka tambayi shaguna biyu ko uku da ba su san shi ba. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin takardun motarka tana taimaka wa mai shago ya gane ainihin wanda zai shiga. In ka je kasuwa tare da bakanike, kada ka bar shi ya riga ka shiga shago, kuma ka lura da 'yan rakiyar da ke tare mutum tun daga bakin ƙofa, domin su ma kasonsu a cikin kuɗinka yake.

Kafin a kwance, sa wa tsohon kayan alama da ƙusa ko fenti a wurin da ba a lura. Ka ga sabon da idonka kafin a ɗaura, ka karɓi tsohon ka sa a but. Hajiya, in ba za ki iya tsayawa ba, ki ce a turo miki bidiyo ta WhatsApp lokacin da ake cirewa da lokacin da ake sawa, lambar motarki na fitowa a ciki.

In kuma an riga an cuce ka, kada ka tsaya a kan Allah ya isa kawai. Yawancin manyan gareji suna da shugabanni, kuma akwai ƙungiyar kanikawa ta NATA mai rassa a jihohi. Kasuwannin kayan gyara ma suna da shugabannin da ke sasanta rikici. Hukumar FCCPC na karɓar ƙorafin masu saye, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ita ke da alhakin kayan jabu. Ka je da rasit, da shaidar tura kuɗi, da kayan da aka sa maka, da farashin da wasu shaguna suka ba ka a rubuce.