Akwatin siddabarun da na saya: yatsan Bature aka aiko mini

Duk mai shirin sayen akwatin siddabarun nan da ake tallatawa a Instagram, ya dakata ya ji nawa tukuna. Ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na biya, aka sako kayan a motar Accra. Akwai kati, da zaren da ba a gani, da jan hankici, da yatsan roba da ake sawa a kan babban yatsa. Wannan yatsan shi ya ja mini abin kunya.

Aikinsa ba wuya: ka ɓoye shi a dunƙulen hannu, ka cusa hankicin ciki, ka zura babban yatsanka, ka buɗe hannu wayam. To amma launin fatar Bature ne, ni kuwa baƙi ne wuluk. Na yi wa mai kayan magana, ya ce in shafa man takalmi, wai haka kowa yake yi.

Ranar sunan ɗan ƙanwata a unguwar Aboabo da ke Kumasi, yara suka kewaye ni a ƙarƙashin rumfa. Rana ta take, zufa na zuba, man ya narke, ya ɓata hankicin har da farin kaftanina. Ina buɗe hannu sai wata 'yar yayata ta ce, "Kawu, me ya sami yatsanka? Ya kumbura!" Kafin in janye ta cafke, ta zare shi, ta ruga cikin mata tana nunawa. Har masu rabon waakye, wato shinkafa da wake, sai da suka ajiye ludayi don dariya.

Wani dattijo tela da ke gefe ya ce, "Ɗana, ara mini sidi ɗaya." Ya naɗe hannun riga, ya riƙe kwabon da yatsun hagu, ya kawo dama kamar ya ɗauka, ya hura, ya buɗe: babu. Ya ciro shi daga kunnen yarinyar nan. Suka riƙe masa hannu ya maimaita, ba su gano ba. Daga baya na ce, "Baba, ina yake shiga?" Ya nuna mini a hankali: kwabon tafin hagu yake faɗawa, shi kuma sai ya zuba wa hannun dama ido, kowa ya bi kallonsa. Ya ce tun yana saurayi yake murza shi a gaban madubin shago.

Katin kam, tsakani da Allah, ya burge ni. Irin wanda ake kira Svengali ne: rabinsa duk kati iri ɗaya ne, an ɗan rage musu tsawo, ko'ina mutum ya tsayar da kai wanda kake so zai fito. Saboda shi har na so in ce kayan sun ci kuɗinsu. Sai dai a Kumasi wa zai bar ka da kati a hannu? 'Yan wasan katin spa na unguwar Asawase, abu na farko sai su ce kawo mu cakuɗa da kanmu, kana miƙawa kuma asiri ya tonu. Takardar bayanin ba ta ce komai a kan wannan ba, ko yadda za ka musanya shi da katin gaske.

Mai kayan na tura masa hoton kaftanin, ya karanta, shiru har yau. Mai wanki kuma ya ce man takalmi ba ya fita.