Injin Kwale-kwale Ya Ƙi Tashi: Na'urar Tartsatsi Ko Mita?

Masu kwale-kwale sun sha tambayata wanne za su saya cikin biyun nan.

Na'urar gwada tartsatsi ba ta da tsada, kuma ba sai an koya maka ba. Ka zare wayar fulogi, ka jona ta, ka ja igiya. Lafiyayyen injin CDI (tsarin lantarki mai tara wuta ya sake ta zuwa fulogi) kan ba da shuɗiyar wuta mai tsallake tazarar milimita 11 ko kusa da haka. Sai dai iyakarta ta ce akwai wuta ko babu. Kuma a kula, kada a gwada kusa da fetur.

Mita kuwa, wato na'urar auna wutar lantarki, tana bin diddigi. Da ita za ka auna koyil (mai ƙara ƙarfin wutar fulogi) da sitato (mai samar da wuta a injin), ka gwada da alƙaluman littafin injin, har ka cafke mai laifin. Amma tana son haƙuri, kuma sai da adaftar DVA, wata 'yar na'ura da ake jona mata, take karanta ƙololuwar wutar. Ga shi wani koyil ɗin sai ya yi zafi yake nuna halinsa.

Kafin komai dai, a duba maɓallin kashe inji.

Masunci da ke neman amsa nan take, na'urar tartsatsi ta ishe shi. Makanike, ko mai gudun sayen kayan gyara da ka, mita ce tasa.